Hulunan Kwanon Mai Keke

A asibitin da yake aiki babu mai kiransa da wani suna sai Mai Keke, alhali ko keken yara bai taɓa mallaka ba. Keken da ake nufi shi ne na tura marasa lafiya. Shekara goma sha uku ke nan yana tsaye a ƙofar sashen gaggawa. Da mota ta tsaya an buɗe ƙofa, shi ne farkon wanda zai sa hannu ya cicciɓi mutum, ya ɗora a keke ko a gado mai taya, ya ruga da shi ciki. Ba likita ba ne, ba nas ba ne, ko allura bai iya riƙewa ba. Amma in dai 'yan babur ne, ya san su fiye da yadda yake so. Ya san wanda zai koma gida da ƙujewa a gwiwa, ya san wanda za a kira danginsa, kuma sau da yawa tun kafin likita ya fito ya riga ya gane, don shi ne yake tallafe kan.

Saboda haka shekara da shekaru, in aka yi masa zancen sayen babur sai ya ce Allah ya kiyashe shi. Abin da ya sauya masa ra'ayi tashin gida ne. An sayar da gidan da suke haya, suka koma can ƙarshen gari inda ƙarfinsu ya kai. Daga can zuwa asibiti mota biyu ce, ta biyun kuwa sai ta ga dama take zuwa. A cikin wata guda aka rubuta masa takardar gargaɗi har biyu a kan makara.

Matarsa tela ce, a ɗakin gaba take ɗinki. Ranar da ya kawo takarda ta biyu, ta karanta, ta ninke, ta ajiye a kan keken ɗinki.

"Maigida, ko babur ko aikin. Ka zaɓa."

Ya dubi takardar. Can ya ce, "To, na ji. Amma da sharaɗi. Ba zan hau ba sai da hular kwano ta gaske, guda biyu, tawa da taki. Da safar hannu, da riga mai kauri, da takalmi mai rufe idon sawu. In kuɗin bai kai ba, a rage a babur, kada a rage a kai."

Shekara ɗaya da wata huɗu suna tarawa. Shi ya daina sayen abincin rana a wurin aiki, ita kuma ta karɓi ɗinkin kayan makaranta har bayanta ya riƙa ciwo. Da kuɗin ya taru, ya raba shi a ambulan biyu, babba ta babur, ƙarama ta kayan kariya. Sannan ya sami direban motar asibiti, wanda ya yi shekaru yana hawan babur kafin ya koma mota, ya koya masa abin da ake dubawa: hayaƙi, taya, birki, sarƙa, da takardu.

Da a haka aka tsaya, da babu labari. Sai Yaya ya ji.

Yaya wan matarsa ne, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya biya mata koyon ɗinki, kuma bai taɓa bari a manta da haka ba. Sana'arsa dillanci: gida, fili, mota, firji, duk abin da mutum biyu za su yi ciniki a kai, Yaya yana tsakiya. Ya shigo gidan da safiyar Asabar yana kaɗa makulli a yatsa.

"Wato za a sayi babur a gidan ƙanwata, sai a bakin mutane zan ji? So kake a yi maka rufa-ido a kasuwa a ce surukin wane ne? Tashi mu tafi."

Mai Keke ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai tana zare. Ya sa takalmi.

Filin da ake sayar da babura na hannu ya cika maƙil, an jera su layi-layi, an wanke an goge suna sheƙi. Yaya bai tsaya ko'ina ba sai gaban wani babba ja, ya dafa kujerarsa kamar shi ya ƙera shi.

"Ga naka. Wannan in ka shiga da shi, ko mai gadin asibiti sai ya sara maka."

Da aka faɗi kuɗinsa, Mai Keke ya ga sai an haɗa ambulan biyun, a kuma ƙara. Ya girgiza kai ya wuce. Can ƙarshen layi ya sami wani ƙarami shuɗi, fentinsa ya koɗe, kujerarsa da faci. Ya sa aka tayar, ya durƙusa ya dubi hayaƙin, ya latsa taya, ya ja sarƙa, ya matse birki, ya karanta takardun ɗaya bayan ɗaya. Injin yana bugawa daidai, babu tari.

"Wannan ai na masu kai burodi ne," in ji Yaya. "Ka tara kuɗi shekara guda ka sayi abin kunya?"

"Zai kai ni aiki, Yaya."

"Sauran kuɗin fa? Na ga wata ambulan a aljihunka."

"Na hula ne da sauran kaya."

Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira mai baburan ya maimaita masa, shi ma ya taya shi. Mai Keke ya haɗiye, ya biya, ya karɓi takardunsa.

"To, tunda hula kake so," Yaya ya ce yana share hawaye, "akwai mutumina. Ba za a cuce ka ba."

Shagon mutumin nasa wani siriri ne a layin masu kayan babur, huluna a rataye daga rufi kamar tukwane. Mai shagon ƙaton mutum ne da tsinke a baki. Yaya ya shiga gaba, suka ɗan keɓe suna gaisawa ƙasa-ƙasa, sannan aka yafito Mai Keke.

"Ba irin na rataye nake so ba," ya ce tun kafin a nuna masa. "Ta asali nake so, wadda aka gwada. A asibiti nake aiki, na san abin da nake gudu."

"Ka zo gidan," in ji mai shago. Ya shiga ciki, ya fito da kwali biyu masu hoto da tambari. Ya buɗe ɗaya. Hula baƙa wuluk, gilashinta yana ɗaukar ido. Mai Keke ya ɗaga ta, ya ji kamar ba ta da nauyi, ya faɗa.

"Ai rashin nauyin shi ne tsadar, Malam. Sabon samfuri ne. Masu nauyin nan an daina yayinsu, wuya suke karyawa."

Mai Keke bai taɓa riƙe sabuwar hular kwano ba. 'Yan kaɗan da suka taɓa zuwa hannunsa a ƙofar gaggawa duk sun riga sun sha ƙasa, kuma a lokacin ba nauyinsu yake aunawa ba. Ya dubi Yaya, Yaya ya gyaɗa kai. Ya biya kuɗin huluna biyu na asali, wanda ya cinye kusan duk ambulan ɗin. Abu ɗaya ya nace a kai: a rubuta masa a rasit cewa na asali ne. Mai shago ya taɓe baki ya rubuta. Da ɗan abin da ya rage ya sayi safar hannu, ya kuma samo riga mai kauri da takalmi a wurin masu kaya na hannu.

Kwana shida yana koyo a wani fili bayan gidajensu, kullum da yamma in ya taso daga aiki. In ya fito cikin shirinsa, hula da riga da safa da takalmi, maƙwabta da ke zaune a ƙofar gida sai su ɗauka.

"Sannu da fitowa, ɗan sama jannati! Yau wace duniyar za a?"

"A gaishe mana da wata!"

Yakan ɗaga musu hannu ya wuce. Zufa tana bin bayansa, amma hankalinsa a kwance yake. A kwana na biyar da na shida har babban titi ya hau, ya bi bayan wata babbar motar kaya, zuciyarsa na dukan uku-uku, yana gaya wa kansa ai kansa a rufe yake. Suka shirya ran Lahadi zai ɗauki matarsa zuwa kasuwar yadi, hawanta na farko.

Ran Asabar da hantsi tana shara a ɗakin ɗinki. Hularsa tana kan tebur. Ta ja teburin don ta share ƙarƙashinsa, hular ta gangaro, ta faɗi a kan siminti, ta ce ƙwas, ta rabe biyu kamar ƙwai.

Ta saki tsintsiya. "Wayyo, Maigida! Wallahi ba da gangan ba ne!"

Ya shigo da sauri, ya tsaya turus. Teburin bai kai ƙugunsa ba. Ya durƙusa ya ɗauki ɓari ɗaya, ya juya cikinsa. Robar ba ta fi kaurin bokitin wanka ba. A ƙarƙashin ƙyallen da aka lulluɓe cikin da shi, wani farin soso ne irin wanda ake kewaye rediyo da shi a kwali, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. Ya ja maɗaurin haɓa, ya taho a hannunsa salin-alin. Da gam aka liƙa shi.

"Ka yi haƙuri," matar tana cewa, "zan biya daga kuɗin ɗinki..."

"Ba ke ba ce," ya ce. Motar kayan nan ce ta faɗo masa a rai, da tayoyinta da suka fi shi tsawo yana kan babur. Ya dubi ɗaya kwalin da ke kan kabad, wanda ko buɗe shi ba a yi ba, hular da za ta sa gobe. Ya zuba ɓarayin a leda, ya ɗauki kwalin da rasit, ya fita. Babur ɗin bai ko dube shi ba, mota ya shiga.

Mai shago yana zaune da tsinkensa. Mai Keke ya zazzage ledar a kan kanta.

"Ga hularka ta asali."

Mutumin ya dubi ɓarayin, ya dube shi. "Haɗari ka yi?"

"Daga kan tebur ta faɗo."

"To wa ya ce ka yar da ita?"

"Wa ya ce in yar? Bawan Allah, ai don faɗuwa ake sayenta! In ba ta jure tebur ba, titi za ta jure?"

Mai shago ya nuna wani allo a bango da tsinken. "Karanta. Kaya in ya fita, ya fita. Kai ka fasa abinka."

"Kuɗin ta asali na ba ka. Ga rubutun hannunka."

Mutane sun fara leƙowa daga shagunan gefe. Mai shago ya ga haka, ya rage murya, amma ba don kunya ba, don haushi.

"Malam, kada ka yi mini ihu a shago. Kuɗin da ka bayar ai ba duka ya zauna a hannuna ba. Je ka tambayi surukinka. Shi ya ce in sa maka na rataye a kwali mai kyau, ya dawo da yamma ya karɓi rabonsa. Cewa ya yi kai tsoro ne kawai yake damunka, ko kwanon miya aka kifa maka hankalinka zai kwanta."

Wani a ƙofa ya tuntsire da dariya. Mai Keke ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya tattara ɓarayinsa da kwalinsa ya fita, yana tafe yana tuntuɓe kamar wanda aka mara.

Ya koma gida ya gaya wa matarsa. Ta ɗauki waya ta kira Yaya, ta ce in da hali ya biyo da la'asar. Ya zo kuwa, da fara'arsa, ya zauna a kujera mai kyau, yana tambaya ko ɗan sama jannati ya fara tashi. Mai Keke ya ajiye ɓarayin hular a gabansa, ya maimaita abin da mai shago ya faɗa, kalma bayan kalma, har da kwanon miya.

Yaya bai musa ba. Ya gyara zama.

"To sai me? Ni dillali ne, duniya ta sani. Ko kaina na yi wa ciniki sai na cire la'ada. Ka taɓa ganin an yi wa mutum rakiya kasuwa a kyauta?"

"La'ada daban, wannan daban, Yaya. Da ka ce in ba ka la'ada, da na ba ka. Jabu ka sa aka ba ni a kuɗin na gaske."

"Hula ai hula ce. Shekara ashirin ina hawa babur, ko hular saƙa ba na sawa, ga ni a gabanka. Wanda kwanansa ya ƙare, ko tukunyar ƙarfe ya kifa sai ya tafi. Rashin tawakkali ne yake damunka."

Mai Keke mutum ne mai sanyi, a shekara goma sha biyar na aure bai taɓa ɗaga wa Yaya murya ba. Ranar ya ɗaga.

"Ni kake gaya wa kwana? Ni nake ɗauko su daga mota, Yaya! Ni nake wanke hannuna bayan su! Ba duka ne suke mutuwa ba. Wasu sai su warke a sallame su, su koma gida ba su gane 'ya'yansu. Akwai wanda matarsa take kawo shi duk wata, ƙato kamar kai, ita take goge masa miyau. Kwanansa bai ƙare ba. Shi ma cewa ya yi hula ta matsorata ce. Wata goma sha shida ban ci abincin rana ba don kada in zama shi, kai kuma ka shiga shago ka sayar da kaina ina tsaye a bayanka!"

"Kai, kai, kai! Rage murya. Da wa kake magana?"

Sai matar ta miƙe. Ta je ta sauko da kwali na biyu, ta buɗe, ta fito da hular, ta ɗora a cinyar wanta.

"Yaya, wannan tawa ce."

Ya dube ta.

"Biyu ya saya, kana wurin. Ka san ɗaya tawa ce. Kaina za a sa a ciki gobe. Nawa aka ba ka a kan tawa?"

Yaya ya dubi hular, ya ɗauke ta daga cinyarsa ya ajiye a ƙasa a hankali. Mai Keke ya zaci zai ba da haƙuri, har zuciyarsa ta fara sassautawa. Amma Yaya sai ya miƙe zumbur yana kakkaɓe riga.

"Ni za ki yi wa wannan tambayar? Ni da na riƙe ki? Ni da na saya miki keken ɗinkin farko? Lallai an hure miki kunne. To, na gode."

Ya fita ya bugo ƙofa. Ta koma kan kekenta ta zauna, ta sa ƙafa, ta yi ta ɗinki babu tsayawa. Sai da aka jima Mai Keke ya lura babu zare a allurar.

Babur ɗin ya koma ɗakin gaba, aka lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Mai Keke ya koma bin mota biyu. Maƙwabta suka sami sabon abin yi.

"Ɗan sama jannati, an fasa tafiyar ne? Ko man jirgin ya ƙare?"

Wannan karon bai ɗaga wa kowa hannu ba.

Ran Talata ya sami hutu. Tun da safe ya ɗauki ledarsa da kwalinsa ya tafi layin masu kayan babur. Bai shiga shagon ba. Ya tsaya a bakin titi, taku biyu daga ƙofa, ya jira.

Wanda ya fara zuwa wani saurayi ne mai kai saƙo, da akwati a bayan babur. Ya nuna ɗaya daga cikin na rataye. Mai Keke ya matsa ya buɗe masa leda.

"Ɗana, dubi wannan kafin ka biya. Irinta ce. Daga kan tebur ta faɗo."

Saurayin ya leƙa, ya yi murmushi. "Baba, na sani. Ni don 'yan sanda nake so, kada su tare ni."

Ya biya, ya rataya ta a hannun babur, ya ba shi wuta. Mai Keke ya bi shi da kallo har ya ɓace, ransa yana tafasa. Wannan ya fi maganar kwanon miya ƙona masa zuciya, don bai san wa zai yi wa faɗan ba.

Na biyu da na uku ma suka saya. Sai wata dattijuwa ta zo, ta ce ɗanta ne ya sami aikin da ake hawa babur, ita ce ta ce za ta saya masa hula. Mai Keke ya ba ta ɓari ɗaya a hannu. Ta murza soson da yatsa, ya marmashe. Ta dubi mai shago sama da ƙasa, ta ce, "Allah ya isa tsakaninka da 'ya'yan mutane," ta juya. Wani mutum da ya zo da ɗiyarsa ya ji, shi ma ya juya. Bayansa wasu biyu.

Mai shago ya fito yana huci.

"Kai! Bar mini ƙofar shago ko in kira hukuma!"

"Kira su. Titi ba naka ba ne. In sun zo in nuna musu rasit, su karanta abin da ka rubuta da hannunka, sannan mu jefar da ɗayar a gabansu."

"So kake ka kashe mini kasuwa?"

"Kasuwarka ta fi kaina?"

Rana ta take, zufa ta jiƙa masa riga, bai gusa ba. Ko ruwa bai je sha ba, don kada wani ya shiga a bayan idonsa. Wajen azahar mai shago ya gaji. Ya kira shi ciki, ya buɗe aljihun tebur, ya watsa masa kuɗi a kan kanta.

"Ga abin da ya shigo hannuna. Sauran ka san inda yake. Kawo mai lafiyar, ka ɓace mini."

Mai Keke ya miƙa kwalin. Yana tsaye mutumin ya fito da hular, ya hura mata iska, ya goge da gefen riga, ya mayar kwali, ya ɗora a kan kanta ta sama inda ido zai gani.

"Sake sayar da ita za ka yi?"

"To in dafa in ci?"

Mai Keke ya tsaya yana kallonsa. Ya so ya hau kantar ya sauko da kwalin ya tattake. Ya so ya tsinke igiyar hulunan nan duka su zubo su farfashe a gaban kowa. Amma gobe yana da aiki, kuma takardar gargaɗi biyu ce a kansa. Ya ɗebi kuɗinsa ya fita, haƙoransa a cije.

Direban motar asibiti ne ya raka shi wani shagon a ƙarshen wata. Abin da aka mayar masa, da ɗan ƙari daga albashi, hula ɗaya tak ya saya. Fara ce, mai nauyi, babu wani kyau a jikinta, cikinta da kauri kamar katifa, maɗaurinta an kafe shi da ƙarfe. Direban ya sa ya gwada ta, ya kama ta da hannu biyu ya jijjiga, ya ga ba ta motsi, sannan ya ce a biya. Washegari Mai Keke ya yaye zanen gado daga kan babur. Ya isa asibiti saura minti ashirin a fara aiki, ya rasa abin da zai yi da kansa, ya zauna a benci yana kallon ƙofa.

Matarsa kuwa ta ci gaba da shiga mota zuwa kasuwar yadi. Ta ce ya ɗauke ta haka nan a hankali, ya ce ko ƙofar gida. Ta ce su riƙa karɓa-karɓa, ya ce kai biyu ne a kan babur ɗin.

Daga wajen Yaya babu kuɗi, babu ban haƙuri. Sai gwaggon matarsa ce ta zo wata rana da saƙo, wai Yaya ya ce an ci mutuncinsa a gidan ƙanwarsa, amma shi babba ne, in Mai Keke ya je ya durƙusa zai yafe. Mai Keke ya ce a gaishe shi. Bayan mako biyu sai ga yadi kala uku an aiko daga gidan Yaya, wai a ɗinka masa kafin ƙarshen wata, kamar yadda aka saba, a kyauta. Matar ta auna yadin, ta ɗauki waya.

"Yaya, na ga saƙo. Zan faɗa maka kuɗin ɗinkin, in ka aiko sai in yanka."

Mai Keke yana jin ihun daga inda yake zaune. Ta bari ya gama, ta ce, "Ai sana'a ce, Yaya," ta kashe wayar. Da yamma aka zo aka karɓi yadin. Ta yi kuka ranar, kukan da ba ta yi ba tun farkon maganar, amma ba ta sake kiransa ba.

Wata biyu suka ƙara kafin hula ta biyu ta samu. Ranar da za ta fara hawa, ya ɗaura mata maɗaurin da kansa, ya sa yatsa a ƙarƙashin haɓarta ya ga ya kama. Ta hau, ta riƙe rigarsa. Suka fita babban titi yana tafiya a gefe, motoci na wuce su, babura na wuce su, har wani mai tura baro ya kusa jerawa da su. Ta jure har suka wuce gidan mai na biyu, sannan ta ƙwanƙwasa masa hula da bayan yatsa.

"Maigida! Kafin mu isa an rufe kasuwar!"

"Me kika ce?"

"Na ce ƙara wuta!"

Ya duba madubi, ya duba gaba, ya ƙara kaɗan.